Mai Tsara Sahun Gaisuwa

Shekara huɗu na yi ina karatun tarihi a jami'a, kuma abin da aka ga ya dace in rubuta kundin kammalawa a kansa shi ne mutunci da asali a wurin manyan Ingila na shekaru ɗari huɗu da suka wuce. Ba ni na zaɓa ba. Malaminmu ne ya yi karatu a can, ya dawo da kwat mai kaurin bargo da son mutanen nan fal zuciyarsa, ya ɗora mini. Wata tara na yi ina karanta yadda ƙatti da gemunsu suke maka juna a kotu a kan wa zai zauna a bencin gaba a coci, da yadda mutum zai zare takobi ya tsire abokinsa don kawai ya ce masa ƙarya yake yi. Tun ina dariya har na koma tsaki. Na gama, aka ba ni takarda, na zaga Kano kaf ban sami mai neman wannan ilimi ba. Da na sami gurbin koyon Larabci a Makka sai na tattara ya-nawa-ya-nawa na taho, ina murna na rabu da mutanen nan.

A unguwar Hindawiyya na sami ɗaki, can saman wani bene mai hawa uku, kusa da tankin ruwa. Lokacin ana ta rushe tsofaffin unguwanni na kusa da Harami, in ka tsaya a bakin ƙofata ba abin da kake hange sai ƙarafan ɗaga kaya sun yi cirko-cirko a sama. Mai gidan tsoho ne, Bahaushe, ya haura tamanin, kowa Baba yake ce masa. Yana saurayi ya taho Makka a ƙafa, shekaru yana tafe yana yada zango. A Sudan matarsa ta farko ta haihu ta rasu, ya bar jaririn a wani gidan wanzamai na Hausawa a bakin kogi, ya ce zai dawo ya ɗauke shi. Bai koma ba. Ya iso Makka, ya zama ɗan ƙasa, ya kama sayar da darduma da carbi a unguwar Jarwal, ya sake aure, ya hayayyafa.

Jaririn nan shi ne mutumin da nake kira Yaya. Sai da ya kusa shekara talatin ya biyo sawun ubansa, ya zo da aska a jaka da takardar zama ta baƙo, wadda ake ce wa iƙama, kuma da ita ya tsufa. Ina zuwa na same shi ya ba hamsin baya, yana da ɗan shagon aski a ƙasan layinmu, yana kwana a ɗakin da ke jikin na Baba. Shi ke yi wa tsohon wanka, shi ke ɗaga shi, shi ke tura shi a keke zuwa masallaci. Mutum ne mara yawan magana, hannuwansa kullum suna ƙamshin sabulun aski.

Ƙaninsa kuwa, babba a cikin haifaffun Makka, shi ne Mudir. Haka ake kiransa, wato shugaban ofis, amma har na bar garin ban sami wanda ya gaya mini shugaban mene ne ba. Farar riga ƙal, turare tun daga matakala, Hausa kuma a bakinsa kamar tuwon da bai nuna ba, rabi Larabci rabi gari. A bangon falonsa akwai wata bishiyar asali da ya sa aka zana masa da ruwan zinare, aka sa a gilashi. Saiwarta wani ɗan sarki ne da wai ya ƙi rusuna wa Nasara ya yi hijira gabas, reshe ya biyo ta kan Baba, ganye-ganye kuma Mudir ne da ƙannensa da 'ya'yansu har da na goye. Na duba sama na duba ƙasa ban ga Yaya ba. Da na tambaya, Mudir ya ce mai zanen ne ya manta. A gaban baƙi ma ba ya ce masa Yaya. Usta yake ce masa, abin da ake kiran mai sana'ar hannu, makaniki ko kafinta. Rabin abokansa sun ɗauka wanzami ne da aka ɗauko ya riƙa kula da tsoho.

Ni kuma Duktur yake ce mini. Ban da digirin da ya kai a ce mini haka, na faɗa masa sau biyu, daga nan na daina faɗa, don abin yana mini daɗi.

Duk ranar Alhamis bayan la'asar ana zama a falon nan, a sha gahwa a ci dabino. A nan na tafka wautata ta farko. Mutum ne ni mai son a saurare shi, ga shi na sami abin da ba wanda ya sani sai ni, sai na riƙa ba su labarin manyan Ingila don a yi dariya. Na ce musu a wurin mutanen nan, ɗan asali shi ne wanda zai rayu ya mutu hannunsa bai taɓa aiki ba. Ku ji fa, lalaci shi ne shaidar daraja! Na ce akwai wasu ma'aikatan sarki, kamar sankira suke amma da alƙalami, suna yawo gari-gari da littafi, duk wanda ya ce shi ɗan asali ne ya kawo hujja, in ya kasa a shelanta sunansa a tsakiyar kasuwa. Amma in attajirin ulu ya san ta kansu, kafin gari ya waye sun haƙo masa kaka jarumi wanda shi kansa bai taɓa jin labarinsa ba. Ina faɗa ina satar kallon bishiyar da ke bango, ina jin ni gwani ne, na yi zagi a fakaice.

Abin da ya fi ba su dariya shi ne jana'iza. Na ce in babba ya mutu a can, gawar ba ta iyalinsa ba ce, ta sankirorin nan ce. Su za su rubuta wa zai bi wa a bayan akwati. Babban mai makoki sai ya zama tsaran mamacin a daraja, in babu a gida a nemo a waje. Matar da ta yi shekara arba'in da shi ba ta isa ta shige gaba ba. Baƙin yadin makoki ma auna shi ake yi gwargwadon matsayi, mai girma ya ja nasa a ƙasa, ƙarami ya tsaya a gwiwa. Sannan a tattaro talakawa a sa musu baƙaƙen riguna su cika hanya, don a ce mutum ya yi jama'a. Tir da wannan hali, in ji ni, mutum ya mutu ana auna baƙin ciki da abin awon tela.

Kowa ya dara ban da Mudir. Ya ajiye kofinsa, ya gyara zama, idonsa yana ƙyalli.

"Wallahi ya Duktur, waɗannan mutane ne masu nizami, komai nasu a tsare. Shi ya sa suka mulki duniya. Sake faɗa mini, shi babban mai makoki dole tsaran mamaci ne?"

Na sake faɗa masa. Na ƙara da bayani ma, don a ga na karanta. Na yi ta yi wa mutum ba'a, shi yana ɗaukar darasi.

Wata safiyar Juma'a na sauko gaida Baba na tarar Yaya yana yi masa aski a tsakar gida. An yafa masa tawul, kansa duk kumfa. Ya ce in zauna.

"Ɗan nan, na ji kana ba yara labarin sarakai. Ka ga allon zinaren can na falo?"

Na ce na gani, Baba.

"Ubana majemi ne. A karofi da majema na girma, warin fata ne ya raine ni. In akwai ɗan sarki a gidanmu, to ya zo sayen fata ne." Ya yi dariya har ya ƙware, Yaya ya ɗaga askar ya jira. "Na bar yaron da allonsa, tunda ba ya cutar kowa. Amma ka saurara. In na mutu, wannan mai yi mini askin ne zai tsaya a kan sahu. Shi ne babba. Na bar shi a hanya yana cikin tsumman goyo, ban ba shi takarda ba, ban ba shi komai ba. Wannan kaɗai ya rage da zan iya ba shi. Kai ne shaida, kai malami ne, za su ji maganarka."

Sahun da yake nufi sai wanda ya zauna a Makka ya san nauyinsa. In an yi rasuwa, kwana uku ake zaman gaisuwa tsakanin magariba da lisha. A tare layi, a jera kujeru, a ja fitilu. 'Yan'uwan mamaci na jini da surukai su zauna a jere ɗaya suna fuskantar jama'a, in baƙi sun zo su miƙe, baƙi su bi su ɗaya bayan ɗaya suna dafa kafaɗarsu suna cewa Allah ya girmama lada. Wanda ke farkon sahu shi ne mai gida bayan mamaci. Ba sai an tambaya ba, duk unguwa ta gani ta sani.

Na ce wa Baba in sha Allahu, ai wannan ba abin damuwa ba ne. Da sauƙi na faɗa, don tsohon yana zaune daram yana dariya, mutuwa kuma a ganina tana nesa.

Yaya ya gama ya wanke askarsa. Sai da na fito ya tare ni a matakala.

"Malam, shekara kusan talatin ina garin nan ana ce mini wanzamin tsoho. Ban taɓa musu ba, ai wanzamin ne. Ba na son gida, ba na son shago. Kwana ukun nan kawai nake so, mutane su dafa ni su ce Allah ya jiƙan mahaifinka. Shi ke nan."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai ina nan.

Bayan wata biyar Baba ya rasu, da asuba, a hannun Yaya. Shi ya yi masa wanka. Aka kai shi Harami, aka jera shi da wasu gawarwaki shida ko bakwai, liman ya ce salla ga mamata, dubban mutane suka sallace su ba wanda ya san wane ne ɗan sarki wane ne ɗan majemi. A maƙabarta rana ta take, ƙasa kamar an fito da ita daga tanda. Da aka ce wa zai shiga kabari ya karɓe shi, ban ga an yi rububi ba. Mudir ya dubi farar rigarsa ya ja baya kaɗan, wai yana amsa waya. Yaya ya tuɓe takalmi ya sauka. Wannan matsayin dai ba wanda ya yi masa gardama a kai.

Muna dawowa gida, ma'aikata suna sauke kujeru daga mota, Mudir ya ja ni falo ya rufe ƙofa. Ya ajiye mini takarda da biro a ƙarƙashin bishiyar zinare.

"Ya Duktur, yau ranarka ce. Manyan ofis za su zo, surukaina za su zo. Ba na son hargitsi. Ka rubuta mana sahu kamar yadda mutanenka suke yi, wa ke bin wa, in tura wa 'yan'uwa a waya kowa ya san kujerarsa."

Na ɗauki biro. Na ce to, na ɗaya dai Yaya ne.

Ya yi murmushi irin na wanda yaro ya yi wa shirme.

"Usta? Haba Duktur. Kai da bakinka ka ce babban mai makoki tsaran mamaci ne. Baba ɗan ƙasa ne, ɗan kasuwa, jinin sarauta. Usta mutumin kirki ne wallahi, amma rabin waɗanda za su zo ya taɓa riƙe musu kunne yana aske musu ƙeya. Su zo su same shi a kan sahu? Kuma ka ce mai aikin hannu ba ya shiga wannan lissafi. Ni ban ƙirƙiro ba, kai ka karanto."

Na ce ai ba'a nake yi, waɗancan mutane ba abin koyi ba ne.

"Ɗayyib, na yarda ba'a ce, amma akwai hikima a ciki. Kuma wa zai kula da gahwa? Ana buƙatar ɗan gida mai amana a wurin. Wannan ma girma ne." Ya dafa hannuna. "Af, maganar takardar kawo iyalinka, na yi magana da mutumin da ke ofishin takardu. Bayan makoki za mu je tare."

A nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki in ce Baba ya yi wasiyya, ni ne shaida, ranar Juma'a ce, kansa duk kumfa. Maganar ba ta fi numfashi biyu ba. Na yi niyyar faɗa. Sai na tuna shekara biyu ban ga matata da 'yata ba, na tuna ɗakin saman nan da wuya a sami irinsa, na tuna mutumin nan ne kaɗai a duniya ya taɓa cewa karatuna yana da amfani. Na ce a raina ai sahu bidi'a ce ma, malamai da yawa ba sa son sa, mene ne abin tada jijiyar wuya a kan kujera? Kun ji yadda malami yake yi in zai ci amana, sai ya nemo mata fatawa tukuna.

Na rubuta. Kuma don ku san irin mutumin da nake, ban rubuta da ƙyuya ba, na zuba gwaninta. Mudir na ɗaya, ƙannensa bisa shekaru, sannan mazan 'yan'uwansu mata, har na ba shi shawara a gabatar da surukin da ke aikin gwamnati a kan mai shagon waya. Na ja layi a ƙasa, na rubuta: gahwa da shayi, Usta. Mudir ya ɗauki hoton takardar ya tura, ya ce wallahi rubutuna kamar na ɗab'i.

"Saura ka gaya masa," in ji shi. "Ya fi jin maganarka."

Na sami Yaya a ɗakin Baba yana naɗe katifa. Ya riga ya yi wanka, ya sa wata farar riga sabuwa dal, har da karin guga a hannu. Ban taɓa ganinsa da ita ba, kuma na san ba ranar ya saya ba. Na tsaya ina kame-kame, wai an ga ya fi dacewa, wai saboda baƙi, wai gahwa tana son mai amana. Ya bar ni har na ƙare.

"Wa ya rubuta?"

Na ce ni ne, amma Mudir ne ya ce.

"Ka gaya masa abin da Baba ya ce?"

Na kawar da kai ina kallon katifar da yake naɗewa.

"To. Ni ba zan yi dambe a kan kujera ba ranar da na binne ubana. In na faɗa da bakina za a ce wanzami yana neman gado. Maganar tana bakinka, Malam. Kwana uku ne, yau ɗaya."

Ya cire sabuwar rigar a gabana, ya ninke ta, ya mayar da ta aiki.

Zaman makokin ya yi kyau, in kyau ake nema. Fitilu tar, kujeru masu jan yadi, mai karatu da lasifika. Motoci suka cika layi har bakin titi. Mudir ya tsaya a kan sahu, ya saki fuska daidai gwargwado, ba kuka ba ba murmushi ba, kamar ya yi atisaye a madubi. In babba ya zo ya ɗan rusuna ya riƙe hannunsa da hannu biyu, in talaka ne ya ba shi kafaɗa yana kallon wanda ke bayansa. Na ji yana gaya wa wani mai alkyabba cewa marigayin jikan sarki ne da ya ƙi Nasara. Na tsaya a gefe ina tsaki a ciki, ina cewa dubi wannan, ga su nan sak, ba abin da ya rage sai baƙin yadi da abin awo. Raini ya cika ni har wuya. Na raina Mudir, na raina mai alkyabba, na raina surukan da ke leƙa waya su tabbatar ba a ci musu kujera ba. Ban lura ba cewa duk inda suka zauna, ni na zaunar da su.

Yaya yana ta zagawa tsakanin kujeru, butar gahwa a hannun hagu, ƙananan kofuna a jere a hannun dama. Ya tsiyaya, ya miƙa, ya jira a girgiza kofi alamar an ƙoshi, ya karɓa. Wani ya ce Usta, nan. Wani ya ce Usta, ba ta da zafi. Wani tsohon kwastomansa ya ja shi gefe, na ɗauka gaisuwa zai yi, ashe tambaya yake yaushe zai buɗe shago. Duk sanda ya zo wucewa ta gabana sai ya dube ni sau ɗaya, ba harara ba, kallo kawai, ya wuce.

Kwana na farko na ce bari a wuce na manyan baƙi, gobe zan yi magana. Kwana na biyu na je har ƙofar falo, na ji Mudir yana waya da mutumin takardu yana ambatona, na juyo. Kwana na uku na ce ai yanzu an makara, in na faɗa sai dai a yi rigima a banza. Kowace rana da hujjarta, kuma kowace hujja na gina ta da kyau, don abin da aka koya mini ke nan.

Daren ƙarshe, da aka kusa kiran lisha, aka fara fito da farantan shinkafa, na ce to bari in yi abin da zan iya. Na bi sahu kamar kowa, na dafa Mudir, na dafa ƙannensa. Sannan na zaga bayan kujeru inda Yaya yake cika buta. Na miƙa hannu zan dafa kafaɗarsa, na ce Yaya, Allah ya jiƙan mahaifinka, Allah ya girmama lada. A raina ina jin na yi wani abin kirki.

Ya ɗan kauce, hannuna ya tsaya a iska. Ya ɗaga mini buta da kofunan.

"Malam, takardarka ta ce nan zan tsaya. A nan kofi ake karɓa, ba a karɓar gaisuwa. Za ka sha?"

Ya tsiyaya ya miƙo mini. Na karɓa na sha, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Washegari aka kwashe kujeru, aka naɗe fitilu. Takardar iyalina ta fito bayan wata biyu, ba zan ɓoye ba, Mudir ya cika alkawari. Ranar da aka dawo zaman Alhamis ya gabatar da ni ga wani baƙo, ya ce ga Duktur, masanin al'adun manyan Turawa, shi ya tsara mana makokin Baba, ko kuskure ɗaya ba a samu ba. Aka ce in ba da labarin sankirorin nan na Ingila. Na ce kaina yana ciwo. Ban sake ba da labarin mutanen nan a falon ba, ba don na daina raina su ba, har gobe ina ganin ƙattin banza ne masu auna hawaye da yadi. Amma su aƙalla sarki ne ya naɗa nasu sankiran, ya ba shi riga. Ni ba wanda ya naɗa ni, da kalmar Duktur aka saye ni.

Yaya ya tashi daga gidan ya koma kwana a bayan shagonsa. Na yi wata uku ina zagaye layin don kada in bi ta ƙofarsa. Ranar da iyalina suka iso muka yi umara, na fito da harami a jikina ina buƙatar aski, ga shagunan aski birjik a bakin Harami, amma ƙafata ta kai ni shagon Yaya a Hindawiyya. Ina jin so nake ya zage ni in huta.

Bai zage ni ba. Ya ce Allah ya karɓa, ya kakkaɓe kujera, ya yafa mini tawul. Ya sa sabuwar reza a gabana kamar yadda yake yi wa kowa, ya shafa kumfa, ya kama kunnena ya lanƙwasa. A madubi na hango farar rigar nan a rataye a ƙusa cikin ledar mai guga. Ya yi rabin kai, ba ka jin komai sai ƙarar aska da fanka.

"Malam, ina da tambaya a kan mutanen nan naka na Ingila."

Na ce ina ji, Yaya.

"Ka ce kowa da wurinsa a bayan gawa, mata da wurinta, talaka da wurinsa. Shi mai rubuta takardar, a ina yake tsayawa?"

Na sani, yana cikin kundina, da hannuna na rubuta. Na so in ce na manta, amma askar tana kan ƙeyata, kuma na gaji da ƙarya.

Na ce a gaba yake tafiya, gaban gawar, sanye da riga mai ado, kowa yana ganinsa.

"A gaba," in ji Yaya. "To, madalla."

Ya goge askar a tawul, ya juya kaina da yatsa biyu, ya ci gaba da ɗaya gefen.